Wurin da Tsirkiya Ta Tsinke

Duk wanda ya san kiɗan rok a ƙasarmu Ajantina ya san sunan Aldo Bertolini, amma in ka tambaye shi me Aldon ya iya, sai ya ce maka, "Ai shi ne wanda tsirkiyar jitarsa ta tsinke." To ni ne. Na shekara arba'in da ɗoriya ina kaɗa jita, na tauye yatsu, na kashe kunne ɗaya da rabi, na sa mahaifiyata kuka ranar da na ajiye aikin tashar jiragen ruwa, duk da haka abin da duniya ta riƙe a kaina shi ne wata 'yar waya da ta gaji ta rabu biyu.

A unguwarmu ta Saladillo, can kudancin birnin Rosario, muka kafa ƙungiyar. Muka sa mata suna Los Bagres, wato tarwaɗa, saboda irin gashin bakin da muka tara a lokacin. Rubén ne mai waƙa. A wancan zamanin gashinsa har kafaɗa yake, yanzu kuwa Mai Sanƙo muke kiransa, kuma ya gaji da yin fushi. Cacho ne kan ganguna, mutum mai tumbi da ƙarancin magana. Ni kuma ina gefe da jita, ina ɗaga haɓa kamar wanda aka yi wa albishir ya fi kowa.

Muna da wata waƙa, "Kogin Laka", wadda a tsakiyarta kowa ke ja da baya a bar ni ni kaɗai. Na yi wata da watanni ina gina wannan wurin. Yana farawa a ƙasa a hankali, ya riƙa hawa, ya yi ta hawa, har ya kai wata siririyar murya can ƙarshen wuyan jita, sannan ya gangaro da gudu yana karkacewa. Wannan gangarowar ita ce abin alfaharina. Ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba, kuma tun a lokacin na san ba zan ƙara ba.

A shekarar da gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙin Turanci saboda yaƙin da ƙasarmu ta shiga da masu harshen, kowa ya koma neman mawaƙan gida, har aka gangaro kan irinmu. Wani mai kamfani ya ce zai naɗi wasanmu kai tsaye a wani zauren ƙwallon kwando ya mai da shi faifai. Ranar ce farkon fitar "Kogin Laka" gaban jama'a. Aka zo wurina, na fara hawa, komai na tafiya daidai, saura ƙiris in taɓa siririyar muryar nan, sai tsirkiya ta ce tas. Na tsaya baki buɗe. Zauren ya yi tsit na tsawon numfashi guda. Da na ga ba mafita, sai na lalubo wasu 'yan muryoyi a tsirkiyoyin da suka rage, irin waɗanda ko ɗan koyo na sati biyu zai iya, na yi ta maimaita su don kada a ce na mutu a tsaye.

Mu mutanen nan ba mu iya sauraron jita da kunne kawai ba, sai mun rera abin da take faɗi da baki. Kafin in maimaita 'yan muryoyin nan sau uku, zauren gaba ɗaya ya ɗauka, o-o-o, o-o, ana tsalle har katakon ƙasa na motsi.

Na roƙi a sake naɗa. Mai kamfani ya ce ba lokaci. Rubén ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, Aldo, ba wanda zai lura." Faifan ya fita, kuma ba wanda bai lura ba.

Daga nan aikina ya tashi daga kaɗa jita ya koma kwaikwayon kaina. Duk garin da muka je, jama'a na rera hawan tare da ni, in an zo wurin sai su tafa sau ɗaya, tas, su ɗaga hannuwa sama su yi tsit, sannan su ɓarke da o-o-o. Ni kuma dole in mari tsirkiyoyi, in saki baki, in zaro ido kamar yau abin ya fara samuna. In ban zaro idon ba ma sai a ce yau Aldo ba ya cikin nishaɗi. Masu kallon ƙwallo suka ɗauki o-o-o ɗin suka kai filin wasa suna zagin alƙalin wasa da shi. Na taɓa haɗuwa da wani direban tasi da ya sa aka zana masa tsinkakkiyar tsirkiya a dantse, ya nuna mini yana hawaye, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Ban san ko in gode masa ko in shaƙe shi ba, sai na gode masa.

Sau ɗaya na gwada bijirewa, a garin Córdoba. Da aka zo wurin na ƙi marin tsirkiya, na ci gaba da hawa. Kafin in kai ko'ina wani takalmi ya same ni a kunne. Abin da ya fi ba ni haushi, takalmin ma ba na kirki ba ne, dugadugansa duk sun cinye.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san gangarowar nan, matata Nélida. Ita 'yar Corrientes ce, kiɗan garinsu mai akodiyon take so, abin kiɗan nan da ake matsawa kamar zugazugi, rok kuwa ta ce hayaniyar makaniki ce. In ta raka ni wasa tana tsayawa ne a gefe, hannu harɗe a ƙirji, ba ta yin tafi, ba ta rera komai. Amma a gida ba ta da wurin gudu. Ta ji gangarowar a falo, ta ji ta a kicin, ta ji ta tana naƙudar 'yarmu ta fari, don ranar ma sai da na kaɗa kafin mu fita asibiti. Duk lokacin da na tambaye ta yaya ta ji, amsarta ɗaya ce: "Na ji, tsoho. Ɗauke ƙafarka zan share."

Haka muka tsufa. Yatsun hannuna na hagu suka fara ƙin lanƙwasuwa da safe, sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Likita ta ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya komawa baya. Ta kuma duba kunnuwana ta ce na dama ya riga ya tafi, na hagu saura rabi, ta rubuta mini ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. Na saya, na jefa shi a aljihun tebur. Aldo Bertolini na Los Bagres da abin kurame a kunne? Na ce sai dai bayan raina.

Ana haka sai aka gayyace mu babban bikin rok da ake yi a tsaunukan Córdoba, aka ce shi ne zai zama wasanmu na ban kwana. An sa mu ranar Asabar da la'asar, lokacin da ake ba tsofaffi don su samu su sha maganinsu su kwanta da wuri. Ban damu da lokacin ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: kafin yatsun nan su gama mutuwa, ina so jama'a su ji gangarowata sau ɗaya, su san makaɗi ne ni, ba mutumin da tsautsayi ya ɗaukaka ba.

Na kawo maganar ranar Lahadi a bayan gidan Rubén, yana juya haƙarƙarin saniya a kan garwashi.

"Mai Sanƙo, akwai abin da za ka yi mini."

"In rance ne, babu."

"Kafin 'Kogin Laka' za ka roƙi jama'a su yi shiru. In an zo wurina kada wanda ya buɗe baki. Zan kaɗa shi yadda na gina shi."

Rubén ya ajiye cokalin nama ya dube ni. "Mutum dubu ashirin 'yan ƙasar nan, in ce su yi shiru? Ya fi sauƙi ka ce in fito da gashi kafin Asabar."

"Kai ka ce ba wanda zai lura."

"Kai har yanzu kana kan maganar nan?"

"Ina kanta, kuma a kanta za a binne ni. Ka ci moriyar tsinkewar tsirkiyata shekara arba'in. Da ita ka gina gidan nan, da ita ka auri mata uku ka saki biyu. Numfashi goma kawai nake roƙo."

Cacho, wanda tun zuwanmu bakinsa ke cike da burodi, ya haɗiye ya ce, "Ka tuna takalmin Córdoba."

"Na tuna."

"Yanzu takalman yara sun fi nauyi."

Rubén ya yi dariya har hayaƙi ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To ɗauko jitar mu ji abin da za a kashe mu a kansa. Ni fa na manta yadda yake."

Na ce a'a. Na ce abin da na ɓoye tsawon rayuwata ba zan zubar da shi a bayan gida gaban haƙarƙari ba, su ma su jira Asabar kamar kowa. Rubén ya ɗaga kafaɗa ya ce ya ji, zai roƙa, amma in aka fara jifa bayan gangunan Cacho zai ɓuya. Na koma gida ina jin kaina kamar saurayi.

Duk satin nan na kulle kaina a ɗakin baya ina bitar gangarowar. Na lura Nélida na rufe ƙofar kicin da zarar na fara, abin da ba ta saba ba. Karen maƙwabta ma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a ta haushi daidai inda nake kaiwa sama. Na ce a raina kare ne, me ya sani.

Ranar Alhamis da safe muna shan mate, shayin ganyen ƙasarmu, a kicin, Nélida ta cika ɗan ƙoƙon da ruwan zafi ta miƙo mini, ta ce, "Tsoho, in ce wani abu?"

"Yaushe kika fara neman izini?"

"Ka bar wa mutanen nan abinsu."

"Wane abinsu? Nawa ne."

"Sun biya kuɗi, sun hau mota daga ko'ina don su yi o-o-o su koma gida. Ka mari wayarka, ka zaro idonka, a tafa maka, mu dawo. Me ya yi zafi?"

"Ke dama ba ki taɓa son kiɗana ba."

"Ban ce ina so ba. Na ce ka bar musu."

"Shekara nawa kina kallona ina rawar biri a dandamali? Ba ki jin kunya a madadina?"

Ta karɓi ƙoƙon, ta ƙara ruwa, ta tsaya tana kallon ganyen. Can ta ce, "To ka sa abin kunnen nan ko na yau ɗaya, ka kaɗa, ka ji."

"In ji me? Abin da na gina da hannuna? Ko a kabari aka tashe ni zan kaɗa shi."

Ta ɗauke ƙoƙon ta tashi. Na ji haushinta sosai ranar, har na ƙi cin abincin rana, na fita na sayi burodi da nama a bakin titi na ci a tsaye. Na ce wa kaina mai girma ba ya rasa maƙiyi, ko da a cikin gidansa ne.

Ranar Asabar ita ta tuƙa mu zuwa tsaunukan, don ina tattalin yatsuna. Filin ya cika maƙil tun rana na sama. Ko'ina ka duba zannuwan gado ne a kan sanduna, kowane da sunan unguwar masu shi, kamar yadda aka saba. Na hango na Saladillo can tsakiya, ya kode, ya sha faci, na san wasu daga cikin waɗanda suka fara ɗaga shi suna ƙasa tuni, jikokinsu ne ke riƙe da shi. Hayaƙin gashin nama ya haɗu da warin giya da zufa. Rabin mutanen ba a haife su ba lokacin da tsirkiyar ta tsinke. Nélida ta ƙi tsayawa a gefen dandamali yadda ta saba, ta ce yau a ƙasa za ta tsaya, kusa da shingen gaba. Ban tambaye ta dalili ba, hankalina na kan kofin ruwan ɗumin da na tsoma yatsu a ciki.

Muka hau. Waƙoƙin farko sun tafi lami lafiya, don irin waɗanda hannu ke yi da kansa ne, kuma jama'a na rera komai har da kiɗan ganga, ko da na kaɗa taken ƙasa a ciki ba mai ji. Sai Rubén ya ɗaga hannu.

"'Yan'uwa, ku saurara. Kun ga tsohon nan mai gashin bakin tarwaɗa?"

Filin ya ɗauki sunana, Aldo, Aldo, ana tsalle. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

"Yau yana da roƙo, kuma shi ne na ƙarshe da zai yi muku. In an zo wurinsa a 'Kogin Laka', ku rufe baki. Ba tafi, ba o-o-o. Akwai abin da yake so ya nuna muku tun kafin iyayenku su haɗu. Wanda ya yi magana, Cacho zai zauna a kansa."

Aka yi dariya. Cacho ya buga, muka shiga waƙar. Rubén ya gama baitinsa ya ja da baya, ya nuna ni da hannu biyu.

Sai kuwa suka yi shiru. Ban taɓa zaton zai yiwu ba. Mutanen da ko a jana'iza ba sa iya riƙe baki, yau ga su dubbai sun yi tsit, har zannuwan gadon sun daina kaɗawa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Na fara daga ƙasa, na riƙa hawa. Da na iso wurin tsinkewa wasu 'yan tsiraru suka tafa bisa sabo, na kusa da su suka harare su. Na wuce wurin. Na miƙa ɗan yatsana can ƙarshen wuyan jita, na danna, na rufe ido, na saki gangarowar.

A cikin kaina na ji ta yadda na gina ta, kowace murya a mazauninta. Na ce yau dai Allah ya yi. Na ɗan buɗe ido don in ga yadda abin ya kama su. Wani ƙaton mutum a gaba, mai zane a wuya, ya cije leɓe, idonsa ya kawo ruwa. Wata yarinya ta rufe baki da hannu. Na ce a raina, yawwa, ku yi kuka, yanzu kun san wane ne Aldo.

Ina tsakiyar gangarowa sai wata murya ta tashi daga wajen shingen gaba, ta ɓangaren kunnena mai rai. Muryar mace ce, mara daɗi, tana rawa. O-o-o, o-o. Kafin in ankara na kusa da ita sun ɗauka, sannan filin gaba ɗaya ya fashe. Na murɗa jitar har ƙarshen ƙarfinta, amma ina. Na ga hannuwana suna motsi, ban ji komai daga gare su ba. Ƙaton nan na gaba yana dukan ƙirji yana ihu, na karanta bakinsa: "Ba komai, baba, muna tare da kai." Na saki jitar ta rataya a wuyana na tsaya kawai. Rubén ya zo ya rungume ni, ya sumbaci goshina gaban kowa, jama'a suka ƙara haukacewa.

Da muka sauko wani ɗan jarida ya tura mini makirfo a baki. "Baba Aldo, yaya ka ji lokacin da ka manta waƙarka, jama'arka suka tuna maka?" Cacho ne ya riƙe ni, ya ɗauke ni cak ya ajiye ni a bayan tanti. Rubén ya biyo mu yana share sanƙonsa da tawul, ya buɗe baki zai yi magana, suka haɗa ido da Cacho, sai ya fasa. Ya ce kawai, "An gama lafiya, Aldo. Ba takalmi ko ɗaya."

Ban tsaya cin naman da aka shirya mana ba. Na jefa jitar a bayan mota na zauna ina jiran Nélida. Ta zo tana ɗingishi, an taka mata ƙafa, ta tada mota. Rana na shirin faɗuwa muka fara gangarowa daga tsaunin, ni kuma na buɗe baki.

"Jahilai. Garken tumaki. Ka ba su zinariya su ce ina dusarsu. Wai na manta. Ni na manta? Kin ga wancan ƙaton yana kuka? Ashe tausayina yake ji."

Ta sauya giyar mota.

"Amma duk ba su na riƙe ba. Matar nan da ta fara, ita nake nema. Murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Da ta bari na numfashi biyar da na gama. Da zan gan ta, wallahi da sai na..."

"Ni ce."

Na juyo gaba ɗaya. Na ɗauka kunnen ne ya yi mini halinsa.

"Me kika ce?"

"Na ce ni ce. Ƙofar da ba a sa wa mai ba."

Ban san abin da ya fara zuwa mini ba, fushi ko mamaki. Matar da ba ta taɓa buɗe baki a wasana ba. Na ce, "Ke? Ke da kika san abin da nake yi? Su ba su sani ba, sun ɗauka na ɓace. Ke fa?"

"Shi ya sa." Idonta na kan hanya. "Su sun ɗauka nasu ka manta. Ni kaɗai ce a filin nan na san naka kake nema, kuma ni kaɗai na san ba ka same shi ba."

"Na same shi. Na ji shi."

"A kanka ka ji shi, tsoho. Abin da ya fito daga lasifika daban. Ɗan yatsan nan bai kai wurin ba, ya tsaya a ƙasa da shi, daga nan komai ya bi shi ya karkace. Gangarowar kuma rabinta ba ta fita ba, sai ƙarar yatsu a kan waya. Na ga yara sun fara ɗaga waya suna ɗauka. Na ce kafin su kai ka duniya a haka, gara a ce ka manta."

Na dubi hannuna na hagu a kan cinyata. Yatsun sun kumbura, ƙaramin ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Na tuna ƙofar kicin, na tuna karen maƙwabta, na tuna yadda Rubén ya fasa magana. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa ido, kuma a ƙarƙashinta akwai wani baƙin ciki da ya fi ta nauyi.

"Tun yaushe?"

"Tun sanyin bara."

"Kika yi shiru."

"Na ce ka bar musu abinsu. Na ce ka sa abin kunne. Me kuma kake so, in rubuta a zanen gado in ɗaga maka?"

Muka ci gaba da gangarowa. Motocin masu zuwa kallon manyan mawaƙan dare suna ta wuce mu suna hawa, wata ma an sauke gilashi ana rera o-o-o a ciki. Na ce, ba da ita nake ba, da kaina nake, "To shi ke nan. Ya tafi. Ba a faifai yake ba, ba a hannuna yake ba. Ba wanda zai taɓa sanin yadda yake."

Nélida ta ja tsaki. Ta kunna sigina, ta gangara gefen hanya kusa da wani shingen gona, ta kashe mota.

"Me ya faru? Mai ne ya ƙare?"

"Rufe bakinka."

Ta gyara zama, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta yi gyaran murya. Sai ta fara rerawa da hanci, daga ƙasa, a hankali. Na gane shi tun muryar farko. Ta riƙa hawa, ta wuce wurin tsinkewa ko gezau, ta miƙe ta kamo siririyar muryar nan. Maƙogwaronta ya ɗan tsage, amma a daidai wurin ya tsage. Sannan ta gangaro da gudu, tana karkacewa inda na karkace, har da wata 'yar tsayawa da nake yi kafin ƙarshe, wadda ni kaina na manta yaushe na daina yin ta. Ba ta bar ko ɗaya ba. Haka na gina shi ina saurayi, a ɗakin mahaifiyata, lokacin yatsuna na jin magana.

Da ta gama ta buɗe jakarta tana neman alewar tari, kamar ba ta yi komai ba. Ni kuwa gashin bakina duk ya jiƙe.

"Ke da kika ce hayaniyar makaniki ce."

"Hayaniyar makaniki ce mana. Wanda ya zauna kusa da gareji shekara arba'in ai dole ya san kukan kowace mota."

"Amma yana da kyau?"

Ta jefa alewar a baki, ta daɗe tana tsotsa. "Wannan wurin dai," ta ce, "yana da kyau."

Na share fuska da hannun riga. Na ce, "Tsohuwa, sake yi."

"Hanya da nisa, ga ƙafata na zogi."

"Don Allah."

"Sau ɗaya kawai, maƙogwarona ba lasifika ba ne."

Na kwance bel ɗin kujera, na matso, na juya mata kunnen hagu sosai. Ta tura alewar gefen kumatu, ta ja numfashi, ta fara daga ƙasa.